Yadda za ka tantance jerin gidaje da shirye-shiryen karɓar wanda zai fito daga gidan yari a Amurka

Duk wanda yake da ɗan'uwa a gidan yari a Amurka kuma lokacin fitowarsa ya matso, abu na farko da yake yi shi ne ya hau intanet ya fara laluben inda za a karɓe shi, gidan da zai sauka, wurin da za a taya shi neman aiki, ko inda zai ci gaba da maganin shaye-shaye in yana da wannan larurar. Kuma zai samu sunaye birjik, jeri bayan jeri, da adireshi da lambar waya da kalamai masu daɗi. Matsalar ita ce da yawa daga cikin waɗannan jerin an haɗa su ne shekarun baya aka watsar da su a haka, wani gidan ya rufe tuntuni, wani kwangilarsa da gwamnati ta ƙare, wani ya koma wani gari, wani kuma yana nan amma ba ya karɓar irin laifin da aka ɗaure ɗan'uwanka a kai. Ga shi kuma masu haɗa jerin kwafar juna suke yi, don haka ganin suna ɗaya a wurare biyar ba hujja ba ce, mai yiwuwa kuskure ɗaya ne aka maimaita sau biyar. Abin da ya sa na damu da wannan magana shi ne mutumin da aka saki a ƙarƙashin sa ido ba shi da damar yawon gwaji, in ya bayar da adireshi aka je aka tarar babu kowa a wurin, ko dai a jinkirta fitowarsa ko ya fara sabuwar rayuwa da matsala tsakaninsa da jami'in da ke sa masa ido.

Toh, mataki na farko tun kafin ka taɓa kowane jeri, ka san a hannun wa ɗan'uwan naka yake. A Amurka abin kashi uku ne. Akwai gidajen yarin gwamnatin tarayya waɗanda hukumar BOP ke kula da su, akwai na jihohi waɗanda kowace jiha ke da tata hukumar da tata dokar kuma a nan mafi yawan fursunoni suke, sannan akwai kurkukun ƙananan hukumomi, wato kaunti, inda ake ajiye masu jiran shari'a da masu ɗan gajeren wa'adi. In na tarayya ne ka shiga bop.gov, akwai wurin neman fursuna da suna ko da lambar rajistarsa mai alƙaluma takwas, kuma bayanan suna komawa baya har 1982, za ka ga inda yake da ranar da ake sa ran sakinsa. In na jiha ne ka nemi shafin hukumar gidajen yarin wannan jihar, akasarinsu suna da irin wannan wurin bincike. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin komai, domin gidan da ke karɓar fursunonin tarayya ba lallai ya karɓi na jiha ba, kuma rabin wahalar da iyalai ke sha daga nan take farowa, a yi ta kiran wurin da tun asali ba na mutuminsu ba ne.

Na biyu, kuma a nan zan ɗan daɗe don nan ne mutane suka fi ruɗewa, ka gane cewa wuraren da jerin ke cakuɗawa wuri ɗaya ba iri ɗaya ba ne. Akwai gidan share fagen fita na tarayya, sunansa a hukumance Residential Reentry Center, a takaice RRC, kuma wannan sunan za ka rubuta in kana nema. Shi wannan ba kai ne za ka zaɓa ba kuma ba a cike fom daga waje, mutumin da ke can har yanzu fursuna ne yana ƙarasa wa'adinsa, jami'an da ke riƙe da fayil ɗinsa a gidan yari su ne ke duba lamarinsa tun saura wata 17 zuwa 19 ya fita su ba da shawara, sai ofishin BOP na yankin ya tura shi. Dokar Second Chance Act da shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2008 ta ba da damar zama a irin wannan gida har wata 12, amma damar ce kawai, ba kowa ke samun haka ba. Kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke gudanar da gidajen bisa kwangila, kwangila kuwa tana ƙarewa a bai wa wani, shi ya sa tsohon jeri zai nuna maka gidan da ya daina aiki da BOP tun tuni. Jerin da za ka yarda da shi a kan RRC shi ne wanda ke bop.gov ɗin kansa, tare da lambar ofishin yankin da ke kula da su.

Sai kuma sauran, gidajen zaman wucin gadi na ƙungiyoyin agaji da coci-coci da masallatai, gidajen masu barin shaye-shaye inda kowa ke biyan kuɗin ɗakinsa, cibiyoyin magani masu lasisi, da ofisoshin da ba sa ba da wurin kwana sam sai dai koyar da sana'a da taya neman aiki ko katin shaida. Waɗannan su ne kai da shi za ku iya nema da kanku, kuma su ne ke buƙatar tantancewa sosai. Don haka duk sunan da ka gani, fara tambayar kanka wane iri ne daga cikin waɗannan, in jerin bai faɗa ba ka rubuta alamar tambaya a gabansa.

Na uku ka tantance jerin kansa kafin abin da ke cikinsa. Duba adireshin shafin, wanda ya ƙare da .gov na hukumomin gwamnatin Amurka ne kuma ba kowa ake bai wa ba, amma .org da .com kowa zai iya saye da 'yan daloli kaɗan, kada kalmar "national" ko hoton tuta da gaggafa su ruɗe ka. Nemi inda aka rubuta wa ya haɗa jerin da ranar da aka sabunta shi, kuma ka lura shekarar da ke can ƙasan shafi sau da yawa ita ke canza kanta da kanta duk sabuwar shekara, ba ta nuna cewa wani ya zauna ya kira gidajen ya tabbatar. In kana son ka kama su, je web.archive.org ka saka adireshin shafin, zai nuna maka yadda yake shekarun baya, in ka ga bayanin gidan bai motsa ko harafi ɗaya ba shekara da shekaru to ka san ba mai kula da shi. Akwai kuma shafukan da suke kama da jeri amma tarko ne na tallace-tallace, alamarsu ita ce kowane gida ka danna lambar waya ɗaya ce ke fitowa, ko kuma sai ka ba da sunanka da lambarka da bayanin inshora kafin su nuna maka komai. Waɗannan dillalai ne masu sayar da lambar mutane ga cibiyoyin da ke biyansu, ka fita kawai.

Wuraren da ya fi dacewa ka faro daga gare su ba su da yawa. Akwai National Reentry Resource Center da aka kafa a ƙarƙashin waccan doka ta 2008, akwai shafin hukumar gidajen yarin jihar, akwai lambar 211 da ake kira a cikin Amurka a haɗa ka da masu bayanin ayyukan jin ƙai na yankin, sai findtreatment.gov na hukumar SAMHSA don maganin shaye-shaye da taɓin hankali, su ma suna da layin kyauta dare da rana, 1-800-662-4357. Don aiki kuma akwai CareerOneStop da ma'aikatar ƙwadago ke ɗaukar nauyi, yana da sashe na musamman na waɗanda suka taɓa zaman gidan yari kuma zai nuna maka ofishin taya neman aiki, wato American Job Center, mafi kusa. Ko waɗannan ma fa ba wahayi ba ne, suna tsufa su ma, sai dai aƙalla akwai wanda za ka kira ka ce masa bayaninku ya tsufa.

Na huɗu ka bincika ko ƙungiyar tana raye a takarda. In sun ce su ƙungiyar agaji ce wadda ba ta neman riba, shiga irs.gov ka nemi Tax Exempt Organization Search, ka saka sunansu ko lambar harajinsu da ake kira EIN. Abin lura a nan, duk ƙungiyar da ta yi shekara uku a jere ba ta miƙa rahotonta na shekara ba hukumar haraji tana soke matsayinta na wadda aka yafe wa haraji kai tsaye kuma sunan yana shiga jerin waɗanda aka soke, in ka gan su a nan to babbar alama ce cewa ko sun mutu ko suna dab da mutuwa. Manyan ƙungiyoyi suna cike fom 990, wato wancan rahoton na shekara, za ka iya karanta shi kyauta a can ko a Nonprofit Explorer na ProPublica, a ciki akwai adireshi da sunayen shugabanni da abin da suka kashe kuɗi a kai, ka kwatanta da abin da jerin ya faɗa. Ƙananan da kuɗin shigarsu bai wuce dala 50,000 a shekara ba ɗan gajeren fom 990-N kawai suke turawa, don haka kada ka zargi ƙaramar ƙungiya don ba ka ga dogon rahoto ba. Haka coci da masallaci, doka ba ta tilasta musu yin wannan rajistar ba, rashin ganinsu a wurin ba laifi ba ne, sai dai ka bi ta wata hanyar. In kuma kamfani ne, ofishin rajistar kamfanoni na jihar, wanda a yawancin jihohi yake ƙarƙashin sakataren jiha, zai nuna ko rajistarsu tana aiki ko an rushe ta.

Lasisi kuma ya danganta da irin wurin. Cibiyar da ke ba da magani galibi dole jiha ta ba ta lasisi, ka tambayi lambar lasisin ka duba a shafin hukumar lafiyar jihar. Amma gidajen masu barin shaye-shaye waɗanda ba sa ba da magani sai wurin kwana, a jihohi da dama ba a buƙatar lasisi kafin a buɗe su, kuma a nan ne gurɓatattu suke ɓuya, mutum ya kama haya ya cusa gadaje a ɗaki ya riƙa karɓar kuɗi duk mako. Abin da za ka nema shi ne takardar shaidar reshen jihar na ƙungiyar NARR, mai tsara ƙa'idojin irin waɗannan gidaje a Amurka, kuma ka duba sunan gidan a jerin reshen da kanka, kada ka tsaya ga tambarin da suka manna a shafinsu. In sun ce su Oxford House ne, waɗannan tsari ne da ya faro a 1975 a jihar Maryland inda mazauna gidan ke tafiyar da shi da kansu su kuma jefa ƙuri'a kafin su karɓi sabon mutum, to ka tabbatar sunan gidan yana jerin uwar ƙungiyar, kuma ka sani ba wani manaja da zai yi maka alkawarin gado shi kaɗai.

Na biyar adireshi. Saka shi a Google Maps ka buɗe hoton titi, ka duba kwanan watan da aka ɗauki hoton don shi ma yana iya zama tsoho. In ka ga shagon akwatunan wasiƙa ne ko fili ko ginin da aka rubuta na haya ne, ka rubuta. Amma kada ka yanke hukunci da wuri, gidaje da yawa na gaskiya, musamman na mata, da gangan suke ɓoye inda suke sai adireshin ofis kawai suke bayarwa. In kana da wani a garin ka roƙe shi ya leƙa da ƙafarsa, gani ya kori ji.

Na shida shi ne kiran waya, kuma wallahi wannan ya fi duk abin da na lissafa a baya nauyi, duk binciken can don ka rage yawan waɗanda za ka kira ne kawai. Kira a ranar aiki da safiyar garin, ka tuna Amurka agogonta ya bambanta daga gabas zuwa yamma. Lambar da za ka kira ka samo ta daga wuri na biyu, kamar shafin ƙungiyar kanta ko fom 990 ko 211, ba daga jerin kaɗai ba. Ka nemi mai kula da karɓar sababbin mutane, ka gaya masa gaskiyar lamarin ba ɓoye-ɓoye, wace hukuma ce ta ɗaure shi, wane irin laifi, yaushe zai fito, wane sharaɗi aka gindaya masa. Daga nan ka jero tambayoyinka, shin kuna karɓar mutum kai tsaye daga gidan yari ko sai ya fito ya zo da kansa, sai jami'i ya turo shi ko iyali za su iya nema masa, akwai laifukan da ba kwa karɓa, akwai gado yanzu ko layi ake bi kuma layin wata nawa ne, nawa ake biya a mako da kuɗin ajiya kuma me zai faru in bai samu aiki a watan farko ba, wata nawa zai iya zama, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa don wanda ya samu aikin dare, ana yarda da wanda likita ya ɗora a kan maganin barin ƙwaya irin su methadone ko buprenorphine don wasu gidajen suna ƙi, in gidan na addini ne shin halartar ibadarsu dole ce, kuma in musulmi ne za a bar shi ya yi sallarsa ya je Juma'a. Ka rubuta sunan wanda kuka yi magana da ranar. In aka ce maka "kawai ya zo za mu gani" to ba a ba ka komai ba.

Maganar irin laifi ka riƙe ta da kyau. Wanda sunansa ke rajistar masu laifin lalata, jihohi da garuruwa da yawa sun hana shi zama kusa da makaranta ko filin wasan yara, don haka ko gidan ya yarda adireshin kansa zai iya faɗuwa. Gidajen da gwamnatin tarayya ke tallafa wa haya kuma an haramta su ga wanda doka ta ce sunansa zai zauna a wannan rajistar har ƙarshen rayuwarsa, da wanda aka samu da laifin haɗa ƙwayar meth a cikin irin waɗannan gidajen. Da wuya jeri ya gaya maka wannan.

Na bakwai, duk abin da ka samo ka miƙa shi ga masu yanke hukunci, domin ba kai ba ne kuma ba gidan ba ne. Tura wa ɗan'uwanka sunan wurin da adireshi da lambar mai karɓa ya kai wa jami'in da ke riƙe da fayil ɗinsa a ciki, shi kuma jami'in sa ido na waje shi ne zai amince da adireshin ko ya ƙi, kuma sau da yawa sai ya je ya duba wurin. Ka nemi gidan su rubuto takardar karɓa mai ɗauke da sunansa da ranar da suke jiransa a kan takardar ofishinsu, wannan ita ce ake sakawa a fayil, maganar baki ba ta shiga fayil. In kana son jami'an su yi magana da kai kai tsaye galibi sai shi ya sa hannu a takardar yarda tukuna, ka gaya masa ya yi hakan da wuri. In kuma wurin da ka samo a wata jiha yake daban da wadda ta ɗaure shi, to akwai yarjejeniyar da ke tsakanin jihohi ta mayar da sa ido, jihar da za ta karɓa tana da kwana 45 ta bincika ta ba da amsa, kuma ba ya tsallake iyaka sai an amince, don haka kada ka biya kuɗin ɗaki a can kafin amsar ta fito.

Ga wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa akwai ƙarin tambaya da ya kamata ta zo kafin duk waɗannan, shin hukumar shige da fice ta ICE ta saka masa takardar riƙewa. In ta saka, ranar da ya gama wa'adi yana iya wucewa hannunsu ne maimakon gidan da ka nema masa, kuma a tsarin tarayya irin wannan takarda kan hana a tura mutum RRC. Dokar First Step Act ta 2018 da ta kawo ragin kwanaki ga masu halartar shirye-shirye ma ba ta bari a yi amfani da ragin ga wanda aka riga aka yanke wa hukuncin kora daga ƙasar. A nan lauyan shige da fice kuke buƙata kafin gida.

Sai 'yan damfara, su ma jerin nan suke karantawa. Suna ganin sunan fursuna da ranar fitarsa a fili, sai su nemo lambar iyali su kira su ce daga BOP suke ko daga ofishin sa ido, wai an samu gurbi a gidan share fage ko za a sake shi da wuri in an biya kuɗin na'urar sa ido da ake ɗaurawa a ƙafa yau-yau. Hukumar BOP da kanta ta yi gargaɗi cewa ba ta kiran iyali ta nemi kuɗi don tura mutum irin waɗannan wurare. Lambar da ta fito a fuskar wayarka ana iya ƙirƙirarta ta yi kama da ta gwamnati, don haka ka kashe ka kira lambar da ke shafin .gov da kanka. Duk wanda ya ce a biya da katin kyauta ko kirifto ko a tura wa wani mutum kai tsaye, ko ya ce in ba a biya cikin awa ɗaya ba gurbin ya tafi, ɓarawo ne, ka kai rahoto a reportfraud.ftc.gov. Haka mai cewa a biya shi ya samo inshorar da ke kwantar wa mai ɗaukar aiki hankali, shirin Federal Bonding Program da ke tsaya wa ma'aikaci daga dala 5,000 har zuwa 25,000 na wata shidan farko kyauta ne, ta ofishin ƙwadagon jiha ake samunsa. Lambar Social Security ɗinsa kuma, wato lambar shaidarsa ta gwamnati, kada ka bai wa kowa a waya sai ka tabbatar da wurin ta hanyoyin can na sama.

Daga ƙarshe kada ka tsaya a gida ɗaya, ka tantance aƙalla biyu ko uku, domin gado yana cika kuma tallafin ƙungiya yana yankewa a tsakiyar shekara. Ka sake kira in ya rage wata guda, ka kuma sake kira a makon fitowa ka tabbatar mai karɓar da kuka yi magana yana nan kuma sunan ɗan'uwanka yana rubuce. A wannan kiran na ƙarshe ka tambayi ƙarfe nawa suke daina karɓar mutum a rana, ko suna karɓa Asabar da Lahadi, wace bas ce ke zuwa wurin daga tasha, da lambar da zai kira in motarsa ta makara, sai ka rubuta masa duka a wasiƙa ta isa hannunsa kafin ranar, don zai iya fitowa ba waya a hannunsa.